Ƙwayar da ke Aljihun Direba

Direba bai taɓa faɗin ranar da zai dawo ba. In an tambaye shi sai ya ce hanya ba ta da tabbas, amma duk wanda ya zauna da shi ya san halinsa ne kawai. So yake ya faɗo gida ba zato, ya ga abin da zai gani. Shekara uku ke nan yana faɗowa, bai taɓa tarar da komai ba sai matarsa a kan kujera 'yar tsugunno, da kan wata mata tsakanin gwiwoyinta tana yi mata kitso. Da wani ne da tuni ya gaji ya saki ransa. Shi kam kullum ji yake ranar ce asiri zai tonu.

Wata Talata ma haka ya shigo da hantsi, sallama ciki-ciki, jaka a kafaɗa, idonsa ya riga ƙafarsa shiga ɗaki. Ya dubi takalman da ke bakin ƙofa, ya dubi labule, ya dubi kofunan shayi biyu da ke kan tire.

"Wa ya sha na biyun?"

"Ga ta nan a gabanka," in ji Mai Kitso, ta nuna matar da take wa kitso da tsinken tsaga. "Sannu da hanya, Baban Mitsi."

Matar ta ja mayafi ta rufe rabin kitson, ta gaishe shi tana danne dariya. Ya amsa a daƙile, ya wuce ya ɗauki Mitsi daga kan katifa. Nan kam fuskarsa ta saki, don in ana maganar son 'ya, ba a fi shi ba. Wata takwas ke nan da aka ciro yarinyar ta hanyar tiyata, 'yar mitsitsiya da ita, har sunan ya bi ta. Ranar da za a sallami uwar, likita ya zaunar da su su biyu ya ce ɗinkin da ke mahaifarta yana buƙatar shekara biyu cur kafin ta ɗauki wani cikin. In aka yi gaggawa yana iya ɓallewa, kuma ba kowace mace ke tashi daga wannan ba. Direba ya ji da kunnensa, har gumi ya keto masa. Ya rantse ba zai bari ta ɗauki ciki ba.

Sai dai da nas ta kawo katin tazarar haihuwa ta fara jera musu, ga allurar wata uku, ga ƙwayar kullum, ga ashanar da ake sawa a damtse ta yi shekaru, ga robar mahaifa, sai ya miƙe ya ce za su je su yi shawara. A cikin tasi aka yi shawarar, kuma kusan shi kaɗai ya yi magana.

"Ni da nake kwana goma, sha biyu a hanya, in bar mace a gida da abin da ko me ta yi ba zai nuna ba? Ba da ni ba."

"Me zan yi, Baban Mitsi? Da ɗinki ɗanye a cikina?"

"Ban ce za ki yi ba. Cewa na yi ba da ni ba."

Dabararsa a wurin wani mai kyamis na bakin tasha ya samo ta. Akwai wata ƙwaya guda ɗaya tak, in ji mai kyamis, wadda ake sha bayan an riga an sadu, ana ce mata ƙwayar gaggawa. Direba bai tsaya jin dalilin sunan ba. Abin da ya shiga kunnensa shi ne ga maganin da zai zauna a aljihunsa, ya tafi da shi, ya dawo da shi, ba ya aiki sai ranar da shi ya ga dama. Ya sayi kwali guda ya kulle a akwatin gaban motarsa.

Don haka da gari ya waye ranar Laraba, Mai Kitso ta san abin da ke jiranta. Ya gama karin kumallo, ya goge baki, ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa, ya ɓallo ƙwayar da kansa ya ɗora mata a tafin hannu, ya miƙo kofin ruwa. Ta haɗiye.

"Buɗe bakin."

Ta buɗe, ta ɗaga harshe kamar yarinyar da ake zargi da satar sukari. Ya leƙa ya gamsu, ya maida ledar ƙwayar aljihu. Ko ita ba ya bari a gidan.

Wannan ce ta uku a cikin wata guda. Wadda ta fara sha, watannin baya, tashin zuciya kawai ta sa ta, yini ɗaya ya wuce. Amma tun da abin ya zama na kowane zuwa, jikinta ya daina gane kwanan wata. Al'adar da ta dawo mata bayan haihuwa ta rikice gaba ɗaya. Ta zo yau, ta ɗauke jibi, bayan mako ta sake ɗigowa, wani lokaci ta yi kwana tara tana zuba. Kanta ya riƙa sara mata ta gefe ɗaya. Nono ya yi tsami, in Mitsi ta kama sai ta cije leɓe ta kau da kai. Ga wata kasala da ke saukar mata da azahar, ta ji hannuwanta sun yi nauyi a kan gashin mutane. Ita da ke gama kai huɗu kafin la'asar ta koma biyu da ƙyar, kuma warin man kitso, wanda ta girma a cikinsa, ya koma yana juya mata ciki.

Shi kuwa duk yadda jinin ya yi, yana da abin da zai karanta a ciki. In ya dawo ya tarar tana jini, sai ya ce ƙarya take, gudunsa take yi, wa take ajiye wa kanta? In ya kira daga hanya ya ji bai zo ba, sai ya yi shiru a waya har ta riƙa jin ƙugin injin, sannan ya ce, "To." Kwanakinta a wayarsa yake rubuta su, ya fi ta riƙe su. Lissafin dai ya ƙi fita, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa abin aljihunsa ne ya ɓata shi ba.

Ta taɓa roƙonsa ya tambayi mai kyamis ko ana shan abin nan haka barkatai. Da ya dawo ya ce ya tambaya.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba ta kisa."

Ko mai kyamis ya ƙara wani abu bayan wannan, Direba bai kawo shi gida ba.

Ranar Asabar, bayan ya koma hanya, ƙanwarsa Auta ta zo kitso. Ita ma goyo take, ɗanta ya girmi Mitsi da wata biyu, amma in ka gan ta sai ka rantse ba ta taɓa haihuwa ba. Ta yi ɓulɓul, fuska shar, sai surutu take tana dariya tun daga bakin ƙofa. Da ta ɗaga hannu za ta tsefe tsohon kitso, hannun rigarta ya zame, Mai Kitso ta hangi wani ɗan tabo a cikin damtsenta, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Ita ce ashanar?"

"Ita ce, Anti. Taɓa ki ji."

Ta ɗora yatsa. Wani ɗan siririn abu ne kwance ƙarƙashin fata, ko motsi ba ya yi.

"Ba ta damunki?"

"Watannin farko ta ɗan rikita min al'ada, dama sun ce za ta iya yi. Yanzu har mantawa nake tana nan. Mijina ne ma ya tashe ni da safe ya ce in shirya mu je."

Mai Kitso ta janye yatsanta. Ba ta taɓa yi wa Auta hassadar komai ba. Ta ga ɗakinta mai faɗi ta taya ta murna, ta ga kayan sawarta ta yaba. Amma ranar ta yi hassada, hassada ta gaske mai zafi, a kan ɗan tabon nan. Me Auta ta fi ta da shi, da za ta kwana ta tashi ba ta ƙirga kwanaki? Ta ja gashin da ƙarfi har Auta ta zabura.

"Wash! Anti, yau da wa kike faɗa? Kaina ne fa, ba igiyar shanya ba."

"Yayanki ya san kin sa?"

"Ya sani mana. Shi ma ya ce gara haka, in huta."

"Ya ce gara haka."

"E. Ai ni mijina a gida yake kwana," in ji Auta. Ba ta lura da abin da ta faɗa ba sai da ta ji hannun ya tsaya cak a kanta. Ta so gyara maganar ta rasa ta inda za ta kama, sai ta koma yi wa ɗanta wasa har aka gama kitson.

Washegari Mai Kitso ta goya Mitsi ta tafi wurin surukarta. Sau biyu tana tsayawa a hanya ta dafa bango saboda jiri. Ta tarar da Inna tana tsince shinkafa a faranti, ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi ta kewaye-kewaye saboda kunya kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Inna ta ji ta har ƙarshe, hannunta bai daina tsintar ba.

"To ke yanzu mene ne abin kuka a nan? Namijin da bai damu da ke ba ai ba zai tsaya yi miki wannan hidimar ba. Wasu ma cewa suke ba a shan komai a gidansu. Shi da kansa yake sayo miki."

"Inna, jikina ne ya ƙi. Jinin nan ba ya tsayawa, ga jiri, ga ciwon kai."

"Goyo ne. Duk mai goyo tana jiri. Ki dinga cin abinci, kin ga yadda kika koma."

"Inna, da za ki yi masa magana ya bar ni in sa irin ta Auta."

Nan Inna ta ɗago kai ta dube ta.

"Auta daban, ke daban. Ki bar ganin laifinsa, gado ya yi. Ubansu, Allah ya jiƙansa, ko mai gyaran famfo bai taɓa shiga gidana ba sai yana tsaye a kansa. Na mutu? Ga ni nan. Kishi ai so ne, 'yar nan. Ki yi haƙuri, in ya ƙara shekaru zai rage."

Ta ba ta ragowar lemo ta ce ta ba Mitsi, maganar ta ƙare a nan. Mai Kitso ta taso da baƙin ciki fiye da wanda ta je da shi.

Bayan kwana goma sha ɗaya ya sake faɗowa, wannan karon da la'asar. Kwana ɗaya zai yi, akwai kayan da ke jiransa. Da safe ya ba ta ƙwayar a tsaye, ya leƙa bakin, ya sumbaci Mitsi a goshi, ya fita yana gyara jaka. Ko shayinsa bai gama hucewa a kofi ba ta ji cikinta ya murɗa. Da ƙyar ta kai bakin magudana. Ta yi ta kwara amai har sai da babu abin da ya rage, ta zauna a ƙasa tana haki, Mitsi na kuka a ɗaki.

Da ta ɗan dawo hayyacinta ta kira Auta.

"Minti nawa da shanta?" in ji Auta.

"Bai kai arba'in ba."

"Kai, Anti! A asibiti sun ce mana in aka yi amai da wuri haka, kamar ba a sha ba ne, sai an sake shan wata. Kuma ba a jan lokaci da ita."

Nan take ta kira mijinta. Ya ɗauka, ana jin hon ɗin motoci a bayansa.

"Baban Mitsi, na yi amai. Ƙwayar ta fita."

"Ta riga ta shiga jini."

"Ko awa ɗaya ba a yi ba. Don Allah ka bar ni in je kyamis ɗin bakin titi in sayi wata."

"Ki je ina? Mijinki na hanya, ki tsaya gaban mai kyamis ki buɗe baki ki ce a ba ki wannan? Me unguwa za ta ce? Ni me zan ce?"

"To ka juyo ka ba ni, ba ka yi nisa ba."

"Da kayan mutane a mota? Ke dai ki faɗi gaskiya, saboda wa kike nemanta?"

Ya kashe wayar.

Ta sake kiran Auta ta roƙe ta ta sayo mata, ita ai babu mai zarginta. Auta ta noƙe.

"Anti, wallahi ina tausayinki. Amma kin san Yaya. In ya ji da hannuna a ciki, cewa zai yi ni nake ɗaure miki gindi. Ki yi addu'a kawai, ba lallai ba ne ya shiga."

Har mayafi Mai Kitso ta yafa, ta goya Mitsi, ta kai bakin ƙofar gida. Daga nan tana hango allon kyamis ɗin, ga mai shi zaune a benci da abokan hirar mijinta su uku. Kafin ta dawo gida labari ya isa wayarsa, ta san wannan sarai. Ta daɗe tsaye riƙe da ƙofa, sannan ta juya ta koma ciki ta cire mayafin.

Motarsa ta lalace a can nesa, tafiyar kwana goma ta koma ta mako huɗu. A cikin makonnin nan ne jinin da ya hana ta sakat ya ɗauke ɗif. Ranar da ya kamata ya zo ta wuce. Kwana uku, kwana biyar, kwana takwas. Da can tana roƙon Allah ya tsayar mata da shi, yanzu sau goma take shiga banɗaki a yini tana dubawa. Tashin zuciyar na nan, nonon na nan da tsaminsa, kuma ta rasa gane ko ƙwayar ce ko abin da take tsoro ne. In tana wanka sai ta bi layin ɗinkin da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ta tuna fuskar likita. Tsoro ya hana ta cin abinci. Ta riƙa kallon Mitsi tana rarrafe a tabarma tana tambayar kanta wa zai riƙe mata ita. Wata mata ta zo kitso, ta tsaga mata layi a karkace har sau uku, matar ta karɓi madubi ta duba ta ce ta bari sai wani lokaci.

Kullum da rana wayar za ta yi ƙara.

"Ya zo?"

"Bai zo ba."

"To."

Bai taɓa tambayar ko ta ci abinci ba.

A rana ta goma ya faɗo da tsakar rana, rigarsa duk baƙin mai. Akwai wata a zaune an yi mata rabin kai, ya ce ta tashi ta ba su wuri. Matar ta tattara ƙarin gashinta ta fita tana ƙunƙuni. Ya tsaya a tsakar ɗaki, ko jakar bai sauke ba.

"Ki saurare ni da kyau. In ciki ne, ba nawa ba ne. Da hannuna na ba ki ƙwayar nan, na ga kin haɗiye."

"Na kira ka na gaya maka na yi amai."

"Ai shi ya sa kika yi aman. Don ki samu abin faɗa in rana irin ta yau ta zo. Kin ɗauka ban san mata ba?"

Mai Kitso ta dube shi. Kwana goma tana jiran ya zo ya ji tsoro tare da ita, ya tuna abin da likita ya ce, ya sake yin gumin nan. Ashe shi da nasa tsoron daban ya zo.

"Baban Mitsi, in ciki ne, mutuwa fa zan iya yi."

"Tashi mu je a auna. Yau za a san gaskiya."

A asibiti suka samu wata nas dattijuwa mai tabarau a kan hanci, wadda kowa ke kira Sista. Ta ba Mai Kitso 'yar roba ta kawo fitsari, ta tsoma tsinken gwaji ta ajiye a kan tebur, ta ce layi biyu ciki ne, layi ɗaya babu. Su uku suka zuba wa tsinken ido. Direba ya ƙi zama, ya sunkuyo a kansa yana huci. Mitsi kaɗai ke harkarta tana jan igiyar katin da ke wuyan Sista.

"Layi ɗaya," in ji Sista. "Babu ciki."

Mai Kitso ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka, kukan wanda aka sauke wa kaya. Sista ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta tambaye ta me take sha. Da ta ji, ta tambayi sau nawa. Direba ne ya ciro waya ya duba, har da ɗan alfahari, ya ce goma sha ɗaya a wata huɗu.

Sista ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam, sunanta ƙwayar gaggawa. Ta ranar da aka yi kuskure ce, ko aka manta, ko wani abu ya faru ba shiri. A wannan tana da amfani ƙwarai. Amma in aka maida ita abin kowane mako, jiri da amai da rikicewar al'ada duk za su yi ta zuwa, kamar yadda ka gani. Kuma ba ta kai allura ko ashana ko ƙwayar kullum tsaro ba. Tana iya kuskurewa, balle an amayar da ita. Da yau layi biyu ya fito, naka ne, kuma da muna nan muna fargabar ɗinkin nan. Allah ne ya rufa muku asiri."

Direba ya ƙura wa tsinken ido. Mai Kitso ta ɗago tana share hawaye, ta ɗauka kunya ce ta kama shi, har ta fara jin tausayinsa.

"To ina aka kai shi?" ya ce.

"Wa?" in ji Sista.

"Cikin. Kwana goma jini bai zo ba, ni ba na gari, yanzu ku ce min babu komai. Wa ya sani ko an riga an zubar kafin in iso?"

"Malam, ko da an yi hakan a kwanakin nan, gwajin zai nuna. Ga shi a gabanka."

"Ku mata ai bakinku ɗaya."

Kukan Mai Kitso ya tsaya. Ta ji wani sanyi ya sauka mata tun daga kai har ƙafa, tsoron da ta yi wata huɗu tana ɗauke da shi ya bar ta, saura baƙin ciki tsantsa. Ta gyara zama ta fuskanci Sista.

"Sista, ashanar nan, za a iya sa min yau?"

"Tun ranar aman bai kusance ki ba?"

"Yau ya dawo."

"To za a iya. Amma ki sani ita ma tana iya rikita al'ada, musamman da farko. Akwai allura, akwai roba, in kina so in sake yi miki bayaninsu ɗaya bayan ɗaya."

"Na ji bayaninsu tun wata tara da suka wuce. Ashanar nake so."

"Ke!" in ji Direba. "Da izinin wa?"

"Jikinta ne, Malam, ita za ta ce," in ji Sista, tana jawo akwatin kayan aiki.

"Wallahi in kika sa abin nan, kada ki biyo ni gida. Na gaya miki."

Ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban mutane. Muryarta ko rawa ba ta yi.

"Da layi biyu ya fito, ka ce ba naka ba ne. Ya fito ɗaya, ka ce na zubar. Wane layi ne zai wanke ni a wurinka, Baban Mitsi? Na buɗe maka baki ka leƙa sau goma sha ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofa ina hangen kyamis na koma ciki don kada ranka ya ɓaci, na yi wata guda ina jiran mutuwa. Duk bai ishe ka ba. Tun da zargin nan ba zai bar ni ba, gara ya same ni da raina."

Ya dubi Sista, ya dubi Mitsi, ya ja tsaki ya fice, ƙofar ta bugu a bayansa. Sista ta jira kaɗan ko za ta canja shawara. Da ta ga ta fara naɗe hannun riga, sai ta tambaye ta da wane hannu ta fi aiki.

"Duka biyun. Amma sa a hagu, da dama nake tsaga."

Ko minti goma ba a yi ba aka gama. Da ta fito, bencin waje babu kowa. Ta gyara goyonta da hannu ɗaya, ta tare tasi, ta faɗa masa unguwar yayarta.

Maganar ba ta kwana ba ta zaga. Inna ta ce dama ta ga take-taken yarinyar tun ranar da ta zo mata da ƙorafi. Auta ta ce ita dai ba ta san komai ba, kada a sa ta a ciki. Abokan benci suka ce gaskiyar Direba, macen da ta nace sai ta sa wannan abu akwai abin da take nufi. Shi kuwa yana can yana ba da labari a tasha, wai Allah ne ya taimake shi ya gano ta da wuri. A duk masu bakin nan babu wanda ya tambayi ƙwaya nawa ta haɗiya, ko me likita ya ce game da ɗinkin da ke cikinta. Kwana uku bayan nan jinin ya zo da kansa, a ɗakin yayarta.

Ba a rufa mako biyu ba ta kafa kujerarta a barandar gidan, mata suka fara biyo ta. Wata daga tsohuwar unguwar, wadda kitson bai dame ta kamar labarin ba, ta zauna tsakanin gwiwoyinta, ta yi ta juye-juye, can dai ta kasa haƙuri.

"Maman Mitsi, wai da gaske ne kin kashe aurenki a kan 'yar ashana?"

Mai Kitso ta lakato mai ta shafa a tsagar.

"Mijina ne ya bar ni don na ƙi mutuwa," ta ce. "Sunkuyo da kanki."